Na Jinkirta Allurar Ƙarfe Bakwai Saboda Azumi

Edita, ina gaishe ka da masu karatu baki ɗaya. Wannan takarda ta fi shekara tana cikin raina. Sau uku ina farawa ina yagewa, akwai ma wadda na liƙe a ambulan na kai har bakin akwatin gidan waya, na tsaya na dawo da ita gida. Mu Hausawan Greensboro, nan Amurka, ba mu da yawa, kusan duk sahu ɗaya muke bi ranar idi, kuma ina tsoron wani ya karanta ya gane ni. Don haka ba zan faɗi sunan kowa ba, har da asibitin. Idan rubutuna ya karkace a yi haƙuri, karatuna bai wuce aji shida na lakwal, wato firamare, ba.

Ni mutuniyar Nijar ce, daga wani ƙauye kusa da Maraɗi. Na biyo maigidana ƙasar nan bayan shekara huɗu da aurenmu. Lokacin da abin nan ya faru muna shekara ta goma sha ɗaya, ina da talatin da shida, kuma ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Tun ina ƙarama ni mai waswasi ce. Nakan yi alwala in sake don ban tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba, nakan sauka ƙasa in sake hawa bene don in duba ko na kashe murhu. Maigida yakan tsokane ni wai da ni aka ba gadin banki, da ɓarayin Amurka sun mutu da yunwa. Aikina shara da wanki da guga ne a gidan wata Baturiya a Irving Park. Tana da tagwaye da ta haifa bayan ta wuce arba'in. Wata rana ta ga na daɗe ina ninke 'yan rigunansu, ta tambaye ni ko ina da yara, na ce a'a. Ita ce ta yi mini bayanin dashen ƙwai, wato a ciro ƙwan mace a haɗa da na mijinta a waje, sannan a mayar mata cikin mahaifa. Ta ce haka ta samu nata, ta rubuta mini adireshin asibitin a bayan wata takarda.

Maigida ya buga wa wani malami waya a wata jiha, ya ce ya halatta matuƙar daga miji da matarsa ne. Muka yi alkawari ba wanda zai ji, don na san bakin mutanenmu, kada gobe a nuna mini yaro a ce ɗan kwalba ne. Wannan ɓoyo shi ne farkon kuskurenmu. Ranar farko a asibitin suka tambaya ko muna son tafinta. Maigida ya ce a'a da sauri, ya gaya mini cikin mota cewa duk wanda za su kawo mai jin Hausa a garin nan, to mun taɓa cin tuwo a gidansa ko ya ci a namu. Sau ɗaya suka haɗa ni da mai Faransanci ta waya, muryar namiji, yana tambayata kwanakin al'adata. Faransancin nawa ya yi tsatsa, kunya kuma ta rufe ni, na ce na gode, kada a sake. Sai ya zama maigida ne ke fassara idan yana nan. Amma yana aiki a wani babban sito na kaya, ba kullum ake ba shi dama ba, yawancin randebu, wato ranakun da suka sa mini in zo asibiti, ni kaɗai nake zuwa. Abin da na iya shi ne in gyaɗa kai in ce oke.

Asibitin yana da kyau, ga furanni ga hotunan jarirai a bango, amma likitan sau ɗaya na gan shi kafin a fara. Bayan nan kullum sabuwar nas, kowace da saurinta. A ɗebi jini, a duba ni da na'ura, a ce za a kira ni. Suka ba mu wani tarin takardu da Turanci da kwalin allurai, aka nuna mini sau ɗaya yadda zan huda cikina da kaina. Akwai ranar da wata nas ta kira ta faɗa mini yawan maganin da zan ja, bayan awa ɗaya ta sake kira ta ce ta yi kuskure, na wata mace dabam ta karanta mini.

Ana cikin haka azumi ya kama, a shekarar da ya faɗo ƙarshen zafi, yini da tsawo. Maigida ya ce in ajiye in rama daga baya. Na ce ni ba mara lafiya ba ce, kuma da wane ido zan roƙi Allah ɗa alhali ina cin abinci da rana a cikin watansa. Ya yi ya yi, ya bar ni. Allurar kullum da yamma ake yi, na tambayi nas ko ƙarfe takwas ya yi, ta ce ba komai in dai kusan lokaci ɗaya nake yi. Sai na mayar da ita bayan shan ruwa, hankalina ya kwanta. Duk da haka na so in san hukuncin allura da rana, ko da wata rana zai kama in yi ta kafin shan ruwa. Ban iya tambayar limaminmu ba, don matarsa ƙawata ce. Akwai wata Hajiya 'yar Damagaram a ƙasan benenmu, dattijuwa, tana kirana ɗiyata, ita ta karɓe ni lokacin da na zo ban san kowa ba. Na tambaye ta kamar don wata ƙawata mai ciwon sukari. Ta ce duk abin da ya huda fata ya shiga jiki ai ya karya azumi, su a zamaninsu ko kwalli ba sa sawa da rana. Ta kalle ni ta yi dariya, wai ko ni ce mai sukarin, ta ga na yi kumatu kwanan nan, ko maigida ya fara ba ni kaza a ɓoye. Na yi dariya ni ma, amma maganarta ta zauna mini.

Ranar wata Talata, a tsakiyar azumi, ina guga a wurin aiki nas ta kira. Tana magana da sauri, amma na gane abin da take nufi. Ƙwan sun kai, yau zan yi allurar ƙarshe, wadda take daban a ƙaramin kwali, ƙarfe bakwai na yamma, sannan mu zo ranar Alhamis ƙarfe bakwai na safe a cire. Ta maimaita bakwai ɗin sau biyu ko uku. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta faɗa kuma na ji. Abin da ba ta faɗa ba, ko ta faɗa ban gane ba, shi ne dalili. Ban san cewa wannan allurar ita ke nunar da ƙwai ba, ban san awowin da ke tsakaninta da cirewa a ƙirge suke ba. Na ɗauka kamar sauran take. Na ce oke, ta kashe waya.

A jikin firij ɗinmu akwai takardar lokutan salla da masallaci ke rabawa. Ranar shan ruwa bakwai da minti arba'in ne. Maigida yana wurin aiki, kuma ba a barin su da waya a cikin sito. Bakwai saura biyar na wanke hannu, na fito da allurar daga cikin robar man shanu inda nake ɓoye ta, na goge cikina da auduga. Agogo ya buga bakwai ina tsaye a kicin da ita a hannu, rana tana nan ja a bangon gidan da ke kallonmu. Na kai tsinin har ya taɓa fata. Zuciyata ta ce, tun asuba kike riƙe da azumin nan, saura minti arba'in ki zubar da shi, kuma a ranar da kika fi bukatar a karɓi addu'arki. Wata zuciyar ta ce matar nan ta ce bakwai. Na ce minti arba'in ba zai kashe kowa ba, ai sauran ma wani lokaci nakan ƙara kwata. Na rufe ta na mayar cikin firij, na zauna ina kallon agogo.

Da lokaci ya yi na ci dabino ɗaya na kurɓi ruwa. Da na tashi a nan na yi ta, da wataƙila ban rubuto wannan takarda ba. Amma na ce magariba ba ta jira, bari in yi salla tukuna, minti biyar ne. A cikin sallar na yi kokwanton ko biyu na yi ko uku, na sallame na sake daga farko. Ina shafa addu'a aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hajiya ce da kwanon kunu da ƙosai da nono, wai ta san maigida ba ya nan, ba za ta bar ɗiyarta ta sha ruwa ita kaɗai kamar marainiya ba. Ta wuce kicin kai tsaye, ta buɗe firij ta sa nonon da ta kawo mini dab da robar man shanun, ta ja kujera ta zauna ta jingina da ƙofarsa. Ta fara ba ni labarin wani suna da za a yi a Summerfield, da wadda ta ƙi biyan ankon, da ciwon gwiwarta. Ina amsawa da to da ikon Allah, idona a kan agogon murhu da ke bayan kanta. Takwas da kwata, takwas da rabi. Ta ce me ya sa ba na ci, ko kunun nata bai kai na Maraɗi ba. Na ɗauki ludayi na sha, ban ji ɗanɗanonsa ba. Ta yaya zan ce wa babbar mace da ta hau bene da ciwon gwiwa ta kawo mini abinci, tashi ki ba ni wuri? Ta yaya zan ce ta matsa in ɗauki allura, bayan na ce mata ƙawata ce mai sukari? Sai da ta ce za ta je ta yi shirin asham sannan ta miƙe, na riƙe mata hannu na raka ta har ƙasa. Na hau da gudu. Tara saura biyar na yi allurar.

Na yi tunanin in kira asibitin, sai na ce ai sun tashi, kuma ko an ɗauka da wane Turanci zan yi bayanin azumi da Hajiya. Gaskiya kuma ina tsoron faɗa. Da maigida ya dawo ya tambaya ko na yi, na ce na yi. Na gaya wa kaina ban yi ƙarya ba, tunda bai tambayi lokaci ba. Ranar Alhamis da safe wata nas da ban taɓa gani ba ta shigo da allo a hannu, tana tambaya tana rubutu ba ta ɗago kai ba. Maigida ya juyo ya ce tana tambaya ko ƙarfe bakwai daidai na yi allurar. Yana kallona da murmushi, ya sa sabuwar rigarsa. Na gyaɗa kai. Abin da ke ci mini rai har yau, a ranar ban yi azumi ba, don na san za a sa mini ruwa a jijiya a sa ni barci, na yi niyyar ramawa ba tare da wani waswasi ba.

Da na farfaɗo likita ya zo ya tsaya a bakin gado. Ya ce a na'ura ya ga ƙwai da yawa, amma kaɗan ya samu, kuma yawancinsu ba su nuna ba. Ɗaya ne kawai ya haɗu. Bayan kwana uku aka mayar mini da shi. Sati biyun da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Na daina hawa bene da sauri, na daina ɗaukar kwandon wanki, ko tari ina tsoron yi. Kullum ina lissafin daga bakwai zuwa tara saura biyar, ina cewa Allah ka sa ba komai ba ne. Aka yi salla ƙarama, na je idi na zauna a gefe. Kwana biyu bayan nan aka ɗebi jinina da safe. Na dawo daga aiki na tarar da fitilar na'urar ɗaukar saƙo tana ƙiftawa. Muryar mace ce, gajeren saƙo, na ji kalmar haƙuri ta Turanci, na ji ta ce in daina magani. Na maimaita shi sau biyar ko zan ji wani abu dabam. Haka aka gaya mini, a cikin na'ura, ni kaɗai a ɗaki, bayan wata biyu ana huda ni.

Sai bayan sati uku muka samu ganin likita. Muka daɗe a zaune, ganin nasa kuma bai fi minti goma ba. Ya buɗe fayil ya ce ƙwaina ne ba su da ƙarfi, shekaru sun ja, shawararsa mu karɓi ƙwan wata mace. Maigida bai ma fassara mini ba sai da muka fita, na dai ga ya miƙe tsaye fuskarsa ta canza. Ba wanda ya tambaye ni yadda na yi allurar, ko me ya faru a gida, ko yaya nake ji. Maigida ya ɗauki abin da zafi. Mutum ne da ya haƙura da zuwa gida duba mahaifiyarsa tana jinya saboda wannan magani. Ya ce nas ɗin nan da ta taɓa karanta mini maganin wata, ita ce ta ɓata komai, ba ƙwaina ba. Ya sayi ƙamus ya fara rubuta takardar ƙara zuwa ga shugabannin asibitin, da sunan matar a ciki. Duk Lahadi bayan la'asar yana kan tebur yana rubutu yana gogewa, ni ina kawo masa shayi. Wata Lahadi yana bin takardun da suka ba mu layi layi, ya karanto wani wuri ya fassara mini. An rubuta cewa wanda ya saɓa lokacin allurar ƙarshe, ko da kaɗan ne, ya kira wata lamba nan take, kowane lokaci ne, don a matsa lokacin cirewa. Ya buga takardar da yatsa ya ce kin gani, mu mun bi komai, su ne ba su bi ba. Na ɗauke kofin shayinsa na shige kicin.

Na gwada kiran asibitin ni kaɗai don in tambaya. Na'ura ce take ɗauka, danna ɗaya, danna uku. Na bar saƙo da guntun Turancina. Bayan kwana huɗu wata ta kira, tana tambaya ko ina son a sa mini ranar fara sabon zagaye.

Ranar da zai kai takardar na ce zan bi shi. Muka tsaya a wurin ajiye motocin asibitin, ya kashe mota, ambulan yana kan cinyarsa. Abin da ya hana ni barci a kwanakin nan shi ne hakkin nas ɗin nan. Ta yi nata kuskuren, amma ta gyara shi tun kafin in ja maganin, kuma ƙila a kore ta a kan abin da ni na yi. Na ce masa Malam, kada ka shiga, akwai magana. Na faɗa masa duka, tun daga tambayar da na yi wa Hajiya. Bai katse ni ba. Da na gama ya tambayi ƙarfe nawa daidai, na faɗa. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Daga baya ya ce awa biyun ba su ne suka fi yi masa ciwo ba, wata biyun da na zuba masa ido yana fama da ƙamus ina kawo masa shayi su ne. Na ce ina tsoro. Ya ce shekara goma sha ɗaya, yaushe ya taɓa ɗaga mini hannu. Ya sa ambulan ɗin a aljihun mota ya tayar, muka koma gida. Ya yi kusan sati uku bai ce mini komai ba bayan gaisuwa.

Shi ne da kansa ya sake neman randebu, kuma wannan karon ya ce a ba mu tafinta mace mai Hausa. Ashe ana samu ta waya daga wata jiha mai nisa, wadda ba ta san mu ba, ba ma a faɗa mata sunanmu. Wata 'yar Kano ce mai sanyin murya. Na faɗa wa likita gaskiya ta bakinta. Ya ajiye biro. Ya ce yana iya zama dalili, yana iya zama ba shi ba ne, yanzu ba mai iya sani. Ya ce da an gaya masa ko da safiyar nan ne, da ya jinkirta cire ƙwan. Ya ce in haka ne ana iya sake gwadawa da ƙwaina, amma ba ya alkawari. Na ce wa tafintar ta tambaye shi don me ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini amfanin lokacin. Ya ce yana cikin takarda. Na ce ban iya karanta ta ba. Ya ce an tambaye mu ko muna son tafinta muka ƙi. Duk gaskiya ne, amma har yau ina ganin wanda ya ga mace tana ce masa oke ga komai, ya kamata ya tsaya ya ce ta maimaita masa abin da ta gane. Bayan nan maigida ya sake kiran malamin nan, ya ce malamai da yawa suna ganin allurar da ba abinci ba ce ba ta karya azumi, kuma ko da tana karyawa, ai sai in yi in rama. Tambayar minti biyu ce.

Abin da na koya, tsoron Allah ba tare da tambaya ba yana iya kai mutum ga ɓarna, kuma ɓoyon da muka yi don kada a yi da mu, mu ya cuta. 'Yan'uwana mata da ke ƙasashen nan, idan an ce kuna son tafinta ku karɓa, ku ce mace kuke so kuma ta nesa. Kada ku gyaɗa kai ga abin da ba ku gane ba. In an ba ku lokaci ku tambayi dalilinsa, in kun saɓa ku faɗa a take, ko da za a yi muku faɗa. Hukuncin addini kuma ku tambayi malami kai tsaye, kada ku zagaya ta bayan ƙawa mai sukari. Hajiya ba ta da laifi, har yau ba ta san komai ba, tana nan tana kawo mini kunu.

Yanzu ina da talatin da takwas. Maigida ya sauko, ya ce shawara tana hannuna, in na ce a sake zai tsaya mini. Ni kuma ƙafata ba ta son komawa wancan wurin, kuma lokaci yana tafiya. Roƙona ga masu karatu, idan akwai likitan mata a cikinku, ya taimaka ya bayyana mini da Hausa ta hannun Edita, shin jinkirin awa biyu saura minti biyar yana iya hana ƙwai nuna, ko kuwa da gaske shekaruna ne? Idan kuma akwai wadda aka yi wa dashen nan bai kama ba ta sake ya kama, ko wadda ta san asibiti a Carolina ta Arewa inda ake zama a saurari mace irina, ta rubuto. Amsarku nake jira kafin in ce wa maigidana e ko a'a.